Salansar bindigar farauta a Amurka: abin da take yi, yadda ake zaɓenta, da yadda ake mallakarta ba tare da an faɗa hannun hukuma ba

Kunnena na hagu yau shekaru kenan yana wani kuka siriri irin na gyare, musamman in dare ya yi gida ya yi tsit. Likita ta gwada ni tace jijiyar ta riga ta taɓu, ba gyara, sai dai in lallaɓa abin da ya rage. Kuma na san ranar da abin ya faru. Watan Nuwamba ne a Texas, sanyin asuba, ina zaune cikin ɗan akurkin katako ɗin nan da maharba ke ɓuya a ciki suna jiran barewa, na cire abin toshe kunne saboda ina so in ji takunta a kan busasshen ganye, ta fito, na yi bismillah na ja kunama, bakin bindigar bai gama fita ta taga ba sai ƙarar ta dawo mini cikin ɗakin gaba ɗaya. Na samu nama ranar, amma kwana uku ina jin maganar mutane kamar daga ƙarƙashin ruwa. A lokacin ne na tuna wani kawuna maharbi a ƙauyenmu, mai bindigar toka, wanda da ya manyanta sai ka ɗaga murya kamar kana kiran wani a tsallaken rafi kafin ya ji gaisuwarka. Mu duk mun ɗauka tsufa ne. Yanzu na san ba tsufa kaɗai ba ne, Allah ya jiƙansa.

Shi ya sa nake son in yi wa 'yan uwa bayanin salansar bindiga, don duk sanda na ambace ta a cikin mutanenmu sai ka ga an zaro ido, wani ma yace a'uzubillahi ai wannan kayan 'yan kisa ne. Ban ga laifinsu ba, finafinai ne suka koya mana haka, mutum ya harba a ji wani ɗan "fit" kamar an buɗe lemon kwalba, na ɗakin kusa ma bai farka ba. Wallahi wannan ƙarya ce tsagwaronta.

Ana auna ƙarfin sauti da abin da ake kira desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Bindigar farautar barewa irin .308 ko .30-06, lambobin nan nau'in harsashinta suke nunawa, in ta tashi tana kai 160 zuwa 170, alhali masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa 140 a matsayin iyakar da ƙara ta farat ɗaya ba za ta wuce ba, in ta wuce toh harbi ɗaya tal ya isa ya yi wa kunne illar da ba ta warkewa. Salansa mai kyau tana rage tsakanin 20 zuwa 35. Kaga kenan ta sauko da ita wajen 135 zuwa 140, wato har yanzu ta fi ƙarar injin fasa kwalta, mutumin da ke gonar maƙwabta zai ji ya kuma san harbi ne. Sai dai lissafin desibel ba irin na kuɗin cefane ba ne, duk ragin 10 kunne yana jin kamar an raba ƙarar biyu, don haka ragin 30 ba ƙaramin abu ba ne, shi ne bambancin tsawar da ta faɗo a tsakar gidanku da wadda ta faɗi a bayan gari.

Yadda take aiki kuma duk wanda ya taɓa jin babur ɗin da aka cire wa salansa ya riga ya gane rabin maganar. In albarushi ya kama, iska mai zafi da matsi ke tura harsashi, harsashin na fita ita ma sai ta fashe waje lokaci guda, wannan fashewar ita ce "daram" ɗin. Salansa gwangwani ce doguwa da aka raba cikinta ɗaki-ɗaki, harsashi ya wuce ta ramin tsakiya, iskar kuma ta rarrabu cikin ɗakunan ta huce ta rage gudu kafin ta fita. Amma akwai ƙara ta biyu da salansa ba ta da iko a kanta. Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa, harsashin .308 kuma yana wuce mita 800, toh duk abin da ya fi sauti gudu yana tsaga iska da ƙara irin ta bulala, kuma wannan tana faruwa ne a hanya bayan harsashi ya bar bindiga. Akwai harsasai marasa gudu da aka yi don kauce wa wannan, irin na .300 Blackout, amma ni ban ba wa sabon maharbi shawarar ya yi farautar babbar dabba da su ba, ƙarfinsu kaɗan ne, nisansu gajere, sai ka raunata dabba ta gudu ta je ta mutu a wahale cikin daji, ga alhaki ga asarar nama.

Wani abu da zai ba ku mamaki, mutumin da ya fara sayar da salansa a kasuwa sunansa Hiram Percy Maxim, ya samu rajistar ƙirƙirarsa a 1909, kuma ɗa ne ga Hiram Maxim mai bindigar nan mai aman wuta da Turawan Ingila suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903. Uban ya ƙera abin da ya karkashe kakanninmu, shi kansa kuma gwajin bindigogi ya kurmantar da shi, ɗan ya zo ya ƙera abin rage ƙara, har da na injina da motoci. A wancan zamanin a shagon kayan ƙarfe ake sayenta da 'yan daloli, har tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt yana da ita a kan bindigarsa don kada ya dami maƙwabta. Sai a 1934, bayan shekarun da 'yan daba irin su Al Capone suka addabi Chicago, majalisa ta yi dokar bindigogi ta ƙasa, ta haɗa salansa a layi ɗaya da mashinga da bindigogin da aka guntule, tace sai an yi rajista an kuma biya harajin dala 200. Dala 200 a 1934 ta fi dala 4,000 na yau, kaga ai hanawa ce aka yi a fakaice. Kuɗin bai taɓa canzawa ba har shekara 90, darajar dala ce ta yi ta faɗuwa har talaka ya iya biya, zuwa 2021 salansar da ke da rajista ta haura miliyan 2 da dubu 600. A watan Yulin 2025 kuma Trump ya sa hannu a babbar dokar haraji da ta mayar da wannan kuɗin sifili daga 1 ga Janairun 2026.

A nan ne nake so a buɗe kunne da kyau, don na ji mutane na cewa ai yanzu an sake ta. Ba a sake ta ba. Harajin aka cire, rajistar tana nan daram. Ƙungiyoyin masu bindiga sun tafi kotu suna cewa tunda ba haraji ai rajistar ma ba ta da tushe, amma magana a gaban alƙali ba hukunci ba ce, kuma wanda aka kama da salansa marar rajista yana fuskantar ɗaurin da zai iya kai shekara 10 da tara mai nauyi, in baƙo ne kuma ya san takardunsa na zama sun shiga ruwa.

Sannan dokar hawa biyu ce, ta tarayya da ta jiha, dole ka cika dukkansu. Jihohi 42 sun yarda a mallaka. Guda 8 sun hana, su ne Kalifoniya, Niyok, New Jersey, Illinois, Massachusetts, Rhode Island, Delaware da Hawaii, sai kuma birnin Washinton. Ka duba jerin nan ka ga inda mutanenmu suka fi yawa, 'yan zango da ke Bronx da 'yan uwa na Chicago duk wannan maganar ba tasu ba ce sai in sun ƙaura. Connecticut kuma ta yarda ka mallaka amma ba ta yarda ka yi farauta da ita ba, shi ya sa ake cewa 41 ne ake farauta. Texas ma sai a 2012 ta halatta a harbi barewa da ita. Kuma jiha ba ta isa ta yafe maka dokar tarayya ba, ko da gwamna ya rantse. A Kansas an yi doka a 2013 da ta ce bindiga da kayanta in a cikin jihar aka ƙera kuma ba su fita ba toh ba ruwan gwamnatin tarayya, wani mai shago Shane Cox ya gaskata ya riƙa ƙerawa yana sayarwa, wani tsohon soja Jeremy Kettler da kunnensa ya lalace a aikin soja ya saya har ya sa bidiyo a Facebook, ba ɓoye-ɓoye don shi a ganinsa halal yake yi. Kotun tarayya ta same su da laifi a 2016, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙararsu a 2019. Wannan labarin yana taɓa ni sosai, don mutumin kunnensa yake so ya kare kamar ni, amma ya dogara da maganar 'yan siyasa. Texas ma ta yi irin wannan dokar a 2021, kada wani ya ruɗe ka da ita.

Hanyar da ake bi kuwa ba wuya, sai dai haƙuri. Ka kai shekara 21, kana zaune a jihar da ta yarda, kuma kana cikin waɗanda doka ta bari su riƙe bindiga tun farko, wato ba a taɓa kama ka da babban laifi ba, ba ka da tarihin dukan iyali a kotu, ba ka shan wiwi ko da jiharka ta halatta, don a wajen tarayya har yanzu haram ce. Mai girin kad, wato katin zama na dindindin, yana da dama kamar ɗan ƙasa. Wanda yake kan bizar karatu ko ta aiki kuma asali an hana shi bindiga, sai wasu 'yan ƙofofi kamar in yana da lasin farauta mai aiki, toh dan Allah in kana wannan rukunin kada ka tsaya kan abin da abokinka ya faɗa maka a masallaci, ka biya lauya ya duba maka. In ka cika sharaɗi sai ka je wajen dilan da ke da izinin sayar da irin waɗannan kaya, don ba kowane shagon bindiga ba ne, ka zaɓa ka biya, amma ba za ka fita da ita ba, za ta zauna a sef ɗinsu da lambarta. Za a cike maka Fom 4 na ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, a ɗauki zanen yatsunka, a ɗauki hoto fasfo, a aika wa shugaban 'yan sandan yankinku kwafi. Da can sai ya sa hannu, wasunsu kuma haka kawai su ƙi, amma tun 2016 sanarwa ce kawai ba neman izini ba. FBI ta bincike ka, in an amince dila ya kira ka, ka cike fom ɗin da ake cikewa na sayen kowace bindiga, ka ɗauki kayanka. Ni lokacin da na sayi tawa wata tara na yi ina jira, har kakar farauta ta zo ta wuce, amma tun da aka daidaita cikewa ta intanet a wajen 2024 mutane na samu cikin kwanaki, sai dai in cunkoso ya yi yawa. Akwai ma kamfanoni irin su Silencer Central da ke gama komai daga nesa su aiko maka har ƙofar gida, da Silencer Shop mai na'urar ɗaukar yatsu a shaguna.

Akwai tambaya ɗaya da dila zai maka wadda yawanci mutane ke amsawa da gaggawa, wai da sunanka za a yi ko da takardar amana, su suna ce mata tiros. In da sunanka ne toh kai kaɗai ne mai ita. Ƙaninka zai iya harbawa da ita kana tsaye a wurin, amma ba zai ɗauka ya tafi daji kai kana wajen aiki ba, kuma mu kun san halinmu, kayan wa na ƙani ne, "Yaya ara mini zuwa Lahadi" ba ya ma buƙatar amsa. A nan wannan aron laifi ne a kanku ku biyun. Har lauyoyi na ba da shawarar a sa ta inda mai rajista kaɗai ke da mabuɗi. In kuma tiros ce, kana iya sa matarka ko ɗanka baligi ko ƙaninka a ciki, kowannensu zai ba da yatsu da hoto a bincike shi, daga nan duk suna da ikon riƙewa. Ga mai iyali da ke farauta tare ni tiros na fi so, ko don maganar gado, ko da yake wanda ya yi da sunansa ma in ya rasu magaji na karɓa ta Fom 5, ba a ƙwacewa, amma sai an bi takarda, ba a ɗauka kawai a sa cikin rabon kaya ba.

Babban ramin da na fi jin tsoro wa matasa shi ne na intanet. Za ka ga ana tallar wasu gwangwanaye masu arha, dala 30 dala 40, a ce matatar mai ce ko abin tare ruwan wanke bindiga, kowa kuma ya san abin da ake nufi. Hukuma na ɗaukar irin waɗannan a matsayin salansa marar rajista, ana tare su a kwastan, ana bin adireshin da aka rubuta, an gurfanar da mutane a kansu. Kada ka taɓa, ko da wasa, ko don ka gani. Kuma kada ka sa a ranka wai za ka sa taka mai rajistar a akwati ka kai tsaraba gida, fitar da ita daga Amurka sai da lasin na musamman, a Najeriya kuma inda lasin bindigar farautar kanta sai da izinin Sufeto Janar, kuma a wannan hali na 'yan bindiga da ake ciki, wanda aka gani da ita a filin jirgi ba wanda zai tsaya jin bayanin kunne.

Toh mu zo kan zaɓe, inda nan ne mutane ke zubar da kuɗi. Kuskuren farko shi ne bin lambar desibel da kamfani ya rubuta a kwali. Kowa da yadda yake awonsa, kuma bambancin 2 ko 3 ba za ka ji shi a daji ba. Abin da za ka ji shi ne nauyi. Gwangwani ce za ka ɗaura a can ƙarshen bututun bindiga, giram 450 a hannu ba komai ba ne amma a bakin bindiga bayan tafiyar awa huɗu cikin duwatsu sai ka ji kamar ka rataya bulo, ga bindigar na rinjaya gaba duk sanda ka ɗaga. Shi ya sa maharba suka fi son ta taitaniyom, mai giram 250 zuwa 350, ta fi tsada amma ita ce ta tafiya. Ta ƙarfe marar tsatsa ta fi arha ta fi jure wuta, ta dace da wanda ke zuwa filin koyon harbi yana zazzaga harsashi ɗari a zama ɗaya, maharbi kuwa harbi ɗaya ne ko biyu a wuni, me zai yi da wannan juriyar? Ta alminiyom kuma ta ƙananan bindigogi ce irin .22 na zomo da kurege. Tsawo ma haka, inci 6 zuwa 7 ya wadatar, mai inci 9 ta fi shiru amma in ka ɗora ta a bututu mai inci 24 ka zama mai yawo da gora cikin sarƙaƙiya, kowane reshe sai ya kama ka, a cikin akurkin ɓuya ma ba za ka iya juyawa ba. Da yawa sukan kai wa maƙerin bindiga ya rage bututun zuwa inci 18 ko 20, amma a kula, in ya gaza 16 an shiga wata dokar daban.

Girman rami kuma ƙa'idarsa ɗaya ce, harsashi ƙarami na wucewa ta babbar salansa, babba ba ya wucewa ta ƙarama. Don haka in ɗaya za ka saya ka sayi ta .30, za ta hau .308 da .30-06 da .270 da .243 da 6.5 Creedmoor har da .223, ɗan ragin shirun da za ka yi a ƙananan bai kai ka sake sayen wata ba. Sai dai ka karanta takardarta, in bindigarka magnum ce, wato mai harsashi mai ƙarin ƙarfi, irin .300 Winchester ka tabbatar an rubuta tana ɗauka, da kuma mafi gajartar bututun da aka yarda. Abu ɗaya da ban yarda a haɗa ba shi ne .22 ɗin zomo, harsashinta datti ne da shi, darma da toka suna taruwa, tana buƙatar tata salansar wadda ake kwancewa a wanke. Kuɗi kuwa daga wajen dala 400 zuwa sama da 1,000, kuma tunda sayar da ta hannu wahala ne saboda takardu, ka ɗauka aure ne za ka yi, ka duba kamfanin da ya daɗe kuma yake gyara in ta lalace, irin su SilencerCo ko Thunder Beast ko Dead Air.

Wajen ɗaurawa, dole bakin bututun ya zama yana da zare irin na noti. A Amurka na .30 yawanci 5/8x24 ne, na ƙanana 1/2x28, bindigogin Turai kuma sukan zo da awon milimita, sai ka duba kafin ka biya. Akwai wadda ake murɗawa kai tsaye, akwai mai maƙalli na cirewa da sauri. Ga farauta ta murɗawar ta fi, ba nauyi ba tarkace ba tsada. Amma zaren nan in ba a yanka shi daidai da ramin bututu ba, ko salansar ta kwance ba ka lura ba, harsashi zai daki shamakin ciki ya farfasa ta. Na ga wadda hakan ta faru da ita a filin harbi, bakinta ya tsage ya buɗe kamar furen kabewa, mai ita ya yi shiru yana jujjuya ta a hannu, jiransa na wata tara da kuɗinsa duk sun tafi a banza. Saboda haka kada ka kai wa kowane mai walda, ka kai wa wanda aikinsa kenan, kuma ka saba da taɓa ta kana ƙara murɗawa bayan 'yan harbe-harbe, da safar hannu don zafinta na ƙona fata.

In ka ɗaura kuma sai ka sake saiti, wannan ba zaɓi ba ne. Nauyin da ka ƙara yana canza inda harsashi ke sauka, wani lokaci inci ɗaya wani lokaci uku a nisan yadi 100, ba matsala ba ce in dai kullum wuri ɗaya yake sauka, matsalar ita ce ka yi saiti babu ita ka je farauta da ita. Zafi ma na sa hoto ya riƙa rawa a madubin saiti kamar kwalta da tsakar rana, shi ya sa ake sa mata riga.

Abin da ban zata ba, wanda kuma ya fi burge ni yanzu, shi ne yadda ta gyara mini harbi. Naushin da bindiga ke yi a kafaɗa yana raguwa sosai, kuma ashe yawancin kuskuren maharbi daga tsoro ne, jiki ya san tsawa na zuwa sai ido ya ƙifta hannu ya zabura kafin harsashi ya fita. In tsawar ta ragu sai ka natsu, ka ga inda ka samu, har ka ji saukar harsashin a jikin dabba wani "tab", ka san ko ka bi ta yanzu da wuƙa don ka riski yanka ko ka ɗan jira. Ranar da na fara kai ɗana, yana gefena muna magana ƙasa-ƙasa, ina ce masa jira ta juyo, jira, yana jina ina jinsa, wanda da manyan abin toshe kunne ba zai yiwu ba. Karen farauta ma yana hutawa, shi da ba wanda ke toshe masa kunne. Duk da haka a filin koyo inda ake harbi da yawa ina haɗawa da abin toshewar, don 135 sau hamsin ma ɓarna ce.

Masu adawa suna da maganarsu kuma ban raina ta ba. Suna cewa ƙarar harbi gargaɗi ce, ita ke sa mutane su gudu, kuma a Virginia Beach a 2019 wanda ya kashe mutum 12 a ofishin gwamnati ya yi amfani da salansa, wasu da suka tsira sun ce da farko ba su gane harbi ba ne. Wannan gaskiya ne kuma abin baƙin ciki ne. Ma'aikatan daji ma wasunsu na tsoron masu farautar sata. Abin da zan ce shi ne, in aka kwatanta da miliyoyin da ke hannun mutane, shigarta cikin laifi kaɗan ne, kuma doka ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara 30 ga wanda ya yi ta'asa da ita. Ni ina goyon bayan a ci gaba da bincike da rajista, ban ga abin gudu a ciki ba, abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce kayan mugaye ce kawai. Ku dubi Turai inda samun bindigar kanta ya fi wuya nesa ba kusa ba, a Finland da Norway salansa abu ne na yau da kullum a wajen maharba, Faransa ta halatta farauta da ita a 2018, Jamus ta buɗe wa maharbanta a 2020, a Ingila da Sikotland masu kula da barewa da wuya ka ga bindigarsu babu ita, a New Zealand kuwa a kanti ake saye. Su sun tsaurara a kan wa zai riƙe bindiga, in sun yarda da kai kuma sai su ga rage ƙarar ladabi ne ga maƙwabta da dabbobinsu.

In za ka tsallaka wata jiha farauta ba sai ka nemi izinin ATF ba, salansa ba ta cikin kayan da ake cike wa takardar tafiya, amma ka duba dokar inda za ka da duk jihar da za ka ratsa, kada ka bi ta Illinois ko Niyok da ita a but kana cewa ai wucewa kawai zan yi. Takardar amincewar kuma ka ajiye asalin a gida, ka sa kwafi a jakar bindiga, ka ɗauki hotonta a waya. Da ka dawo daga daji ka kwance ta kafin ka jingine bindigar, don raɓa na taruwa a cikinta, in ka bar ta a tsaye ruwan da tokar za su gangaro cikin bututu su ci shi da tsatsa, ka shanya ta daban ta bushe, ka goge zaren ka ɗan shafa masa mai sannan ka kulle.